Benci Cike da Mutane, Faranti Wayam: Ina Kuɗin Gidan Abinci Yake Tafiya?

Da misalin ƙarfe tara na dare, bayan an kife tukwane an share rumfa, mahaifiyata takan zauna a kujerar tsugunno ta zazzage jakar ciniki a kan faranti. Ni ne mai lissafi tun ina sakandare. Ta ware 'yan dubu-dubu gefe guda, ɗari biyar-biyar gefe guda, sannan ta miƙo min waya in duba abin da ya shigo ta taransifa. In na faɗa mata jimla sai ta fara cirewa da baki: na shinkafa, na mahauci, na mai, na gawayi, na ɗan garuwa, na yaran wanke-wanke. Kafin ta kai ƙarshe farantin ya koma wayam. Wani dare ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, tun asuba ban zauna ba, mutane har layi suke yi. To ina kuɗin yake tafiya?"

Shekaru na yi ina juya wannan tambaya, kuma na gano ba ta Umma kaɗai ba ce. Duk wanda ya zaga unguwannin Kano irin su Fagge, Ƙofar Wambai, Kurna ko bakin tashoshin mota zai ga ƙananan gidajen abinci irin namu, waɗanda uwa ce ke kan tukunya, 'ya'ya ke miƙa faranti, wani ɗan uwa ke karɓar kuɗi. Da yawansu ba rashin masu saye ne ke rufe su ba. Ana cikin ciniki jarin yake zagwanyewa, masu shi ba su ankara ba.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne yadda ake sayar da abinci a irin waɗannan wurare. A manyan gidajen abinci na Nasarawa ko titin gidan Zoo, akwai takarda mai farashi. In kaya sun tashi sai a buga sabuwa. A wurinmu mai saye ne ke faɗin kuɗi. Ɗan adaidaita sahu ya faka, ya zauna ya ce, "Hajiya, garau-garau na ɗari biyar." Ɗan dako daga Kantin Kwari ya ce, "Tuwo malmala biyu, miyar kuka, ba nama." Abin da ke aljihunsa ya faɗa, kuma ba shi da wani. Ya rage wa mai abinci ta san yawan abin da ludayi zai ɗebo. Ke nan idan kasuwa ta tashi, hanya biyu ce gabanta: ta ce na ɗari biyar ya daina samuwa, ko ta rage hannu. In ta ɗauki ta farko, mutum ya tsallaka titi wurin maƙwabciya. In ta ɗauki ta biyu, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Zai kalli farantin ya kalle ta ya ce, "Haba Hajiya, yau kuma hannun ya yi sanyi, a ɗan yi gyara mana." Ita kuma ta shekara goma tana ciyar da shi, ta san matarsa ta haihu watan jiya. Sai ta ƙara rabin ludayi. A wannan rabin ludayin ribar farantin take.

Kasuwa kuwa ba ta san sabo ba. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi farashinta da kanta, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Mai tuwo ba ta taɓa riƙe dala ba, amma fulawa, taliya, magi, sukari da robar zuba abinci duk suna bin dala, kuma kowane buhu da ya taso daga kasuwar Dawanau ko ta Singa a mota ya zo. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari. A Kano ba mu jira alƙaluma ba: tun Fabrairun shekarar mata masu gurasa suka fito zanga-zanga kan tsadar fulawa. Duk wanda ya san yadda matan cikin birni ke kaffa-kaffa da fitowa titi ya san wuya ce ta kai wuya.

A nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowane cin mutane, kuma mu ma mun yi shi. Mai abinci tana auna jarinta da naira, alhali da buhu ya kamata ta auna. Bari in ba da misali. A ce mace tana da dubu ɗari huɗu lokacin da buhun shinkafa yake dubu arba'in. Jarinta buhu goma ke nan. Shekara ta zagayo, ta ƙirga ta ga dubu ɗari biyar a hannunta, ta yi hamdala, ta ci ribar dubu ɗari. Amma buhu ya koma dubu tamanin. Kuɗin nata yanzu buhu shida ne da ɗan ɗoriya. Kusan buhu huɗu sun tafi, ba ɓarawo, ba gobara, kuma littafinta yana nuna mata riba. Daga nan sai a fara ganin alamu: wadda take sarin buhu ta koma rabin buhu, daga rabin buhu ta koma awon kwano kullum safiya. Shi kuma awon kwano ya fi tsada. Jarin da ya ragu shi ne ke tilasta mata sayen kaya da tsada, tsadar kuma ta ƙara cinye jarin. Na ga wannan da idona a ɗakin ajiyarmu, inda a da buhuna ke jingine har kusa da taga, aka wayi gari sai tabarma da kwanon awo.

Kayan miya kuma nasu lissafin daban ne, domin suna bin yanayi. Lokacin sanyi, idan tumatirin rani na Kadawa da Kura ya sauka, kwando yakan yi araha a kasuwar 'Yankaba har a rasa mai ɗauka. Daga wajen Mayu zuwa farkon damina sai ya yi tashin gwauron zabo. A 2016 tsutsar nan da ake kira Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da jihohin da ke kewaye, kuma tana dawowa jefi-jefi. A irin wannan lokaci sai a koma busasshen tumatir da na leda, a ƙara albasa, a yi dabara. Amma harshen mai saye ba ya yafiya. Ranar da miya ta canza, a ranar za a faɗa miki. Nama ma haka. Da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024, dabbobin da ke shigowa ta kasuwanni irin su Maigatari sun ragu, mahauta suka ƙara kuɗi, yankan nama a faranti ya yi ta ƙanƙancewa.

Wuta da ruwa ba sa buƙatar dogon bayani ga mutumin Kano. Tukunyar gas mai kilo 12.5 ta haura naira 15,000 a ƙarshen 2024, aka koma gawayi da itace, su ma suka bi sahu. Famfo a unguwanni da dama sai dai labari, don haka girki, wanke-wanke da ruwan wanke hannu duk daga kurar ɗan garuwa suke. Lantarki kuwa, a watan Oktoban 2024 Arewa ta shafe fiye da mako guda a duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. A kwanakin nan ƙanƙara ta zama zinare, zoɓo da kunun aya suka daina fita, duk mai nama a firiza ya soye shi ko ya yi asara.

Wannan ya kawo mu ga kwantai, wanda shi ne ya bambanta mai abinci da sauran 'yan kasuwa. Mai atamfa a Kwari in bai yi ciniki yau ba, ya rufe shago, gobe kayansa suna nan. Dafaffiyar shinkafa a zafin Afrilu ba ta kai dare. Kullum da asuba Umma sai ta yi hasashen bakin da zai zo: yau Juma'a ce ko Litinin, farkon wata ne ko tsakiya, akwai hadari ko babu. In ta dafa kaɗan, abinci ya ƙare da azahar, mutane su juya, wasu ba za su dawo ba. In ta dafa da yawa, na almajirai ne. Ga kuma ranakun da ba ta da hannu a ciki. A Afrilun 2020 aka kulle Kano saboda korona, makonni ba fita. A farkon Agustan 2024 aka sa dokar hana fita bayan zanga-zangar tsadar rayuwa, ranar da mutane da yawa sun riga sun yi cefane. Sai watan azumi, da rana a rufe, wasu su koma kunu da ƙosai na buɗa-baki, amma kuɗin haya na wata goma sha biyu ne, ba a cire Ramadan. Bayan Babbar Sallah ma kowa da soyayyen nama a gida, ciniki sai ya yi sati biyu bai farfaɗo ba.

Duk waɗannan daga waje suke zuwa. Wanda ya fi wuyar faɗa shi ne na cikin gida, kuma a ganina shi ne asalin amsar tambayar Umma.

A gidan abincin iyali, tukunyar kasuwa da tukunyar gida ɗaya ce. Mu tara ne a gidanmu, kuma tun da na yi wayo ba a taɓa ɗora tukunyar rana daban ba. Daga rumfa ake zubo mana. Baƙo ya zo daga ƙauye, a aika a zubo. Surukai sun zo, a zubo da nama. Kawu ya biyo da abokinsa, wa zai buɗe baki ya ce ya biya? A kai wa Malam na makarantar allo, a kai wa maƙwabciyar da ta haihu. Ban taɓa ganin laifin ko ɗaya daga cikin wannan ba, kuma ba na fatan ranar da za a daina. Albarkar sana'ar ma muna kyautata zaton daga nan take. Illar ita ce ba a ƙirgawa. Da na zauna na yi mako guda ina rubuta duk farantin da ya fita ba kuɗi, adadin ya ba mu tsoro ni da ita. Mun gane rumfar tana ciyar da gida guda cur da baƙinsa kafin ta sayar da farantin farko.

Bayan abinci sai tsabar kuɗi. Jakar ciniki ita ce bankin gida. Kuɗin makaranta, a ɗauka a jaka. Yaro ba lafiya, a jaka. Gudummawar biki, ankon suna, kuɗin mota zuwa gaisuwar mutuwa, duk a jaka. Mafi girma shi ne kayan ɗaki. A al'adarmu idan 'ya ta tashi aure, idon kowa a kan uwa yake, musamman uwar da aka san tana da sana'a. Gado, kujeru, kayan kicin, ga gara. Na san mata fiye da ɗaya da suka aurar da 'ya cikin rufin asiri da yabon dangi, bayan wata uku rumfar ta rufe, domin uwar kuɗi aka taɓa ba riba ba.

Akwai kuma wani abu da ban gane ba sai da ƙanwata ta yi aure. Shekara shida tana tashi da asuba, ita ce gyaran shinkafa, ita ce kai markaɗe, ita ce kan waina. Ba ta taɓa karɓar albashi ba, sai dai a yi mata ɗinkin Sallah a saya mata waya. Da ta tare a gidan mijinta sai da aka ɗauki mata biyu kafin su cike gurbinta, kowace da kuɗin sallama kullum da abincinta. A watan nan ɗan abin da muke kira riba ya ɓace gaba ɗaya. Ashe duk shekarun nan ladan aikin ƙanwata muke ƙirgawa a matsayin riba. Ita kanta Umma, da za a biya ta abin da ake biyan mai girki a wani wuri, na tsayuwar awa goma sha biyar a bakin murhu, da tuni lissafi ya nuna faɗuwa. Gumin iyali shi ke riƙe da irin waɗannan gidajen abinci a lokacin da na haya za su durƙushe, kuma shi ne ke rufe ido a kasa ganin ramin sai an kai bakinsa.

Sai littafin bashi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a rumfar abinci aka fi ganin gaskiyar haka. "Hajiya, a rubuta, sai ƙarshen wata." Ƙaramin ma'aikaci ne, ko mai gadi, ko yaron shago. Yawancinsu suna biya, kuma zan faɗi wannan da babbar murya domin talakan Kano yana da amana. Amma wanda ya ci a farkon wata ya biya a ƙarshe, a lokacin da farashi ke motsi kowane mako, kuɗin da ya kawo ba ya sayen abin da ya ci. Wanda bashinsa ya yi nauyi kuma kunya takan sa ya canza hanya, a yi asarar kuɗin a yi asarar mai saye. Bashin dangi ba a ma maganarsa. A ɗaya gefen ita ma mai abincin bashi take ɗauka wurin mai shinkafa da mahauci, kuma farashin wanda zai biya da yamma ba ɗaya yake da na mai kuɗi a hannu ba.

Canjin takardun kuɗi da Babban Banki ya yi a zamanin gwamnansa Godwin Emefiele ya ƙara wani salo. A farkon 2023 tsabar kuɗi ta ɓace, mutane suka koma taransifa ko sun so ko ba su so ba. Yanzu an saba, har ta rage rigimar canji. Amma a lokacin cunkoson rana, mace ɗaya tana zuba abinci tana duba waya, wani ya nuna mata allon wayarsa ya ce "ya tafi, sabis ne," ya wuce. Sai dare a duba a ga bai shigo ba. Sannan mai kayan miya da ɗan garuwa da yawa tsaba suke so, sai ta je wurin mai POS ta biya kafin ta karɓi kuɗinta.

Haya da haraji zan taƙaita. Kuɗin shago na shekara ake biya gaba ɗaya, kuma mai shago yana ganin benci cike sai ya ɗauka kuɗi ake haƙa, ya ƙara. Tashi kuma ba sauƙi, domin masu cin abincinki na wannan kwanar ne, ba za su bi ki wata unguwa ba. Masu rasit suna zuwa kala-kala: na ƙaramar hukuma, na jiha, na shara, na allon talla, ga duba-gari. Ba na jayayya da biyan haraji ko duba tsafta, abinci ne ake sa wa mutane a ciki. Abin da ke ciwo shi ne ba wanda zai iya gaya miki a farkon shekara nawa ne jimla kuma wa za ki ba. Ga kuma sababbin abokan gasa, matan da ke girki a gida suna tallatawa a WhatsApp da Instagram, ɗan aike ya kai. Ba haya, ba benci, kuma sai an yi oda suke ɗora tukunya, don haka ba su san kwantai ba.

Mutane sukan ce a nemi rance a faɗaɗa. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, na bankunan kasuwanci ya fi haka. Babu farantin tuwon da zai biya wannan. Da yawan iyayenmu ma ko kyauta aka sauƙaƙa ba za su taɓa kuɗin ruwa ba saboda addini. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, amma kowane banki zai nemi rajista da rubutaccen lissafi, abin da mai rumfa ba ta da shi. Saura adashe, wanda shi ne ya gina da yawa daga cikin sana'o'in matan Kano. Shi ma hauhawar farashi ta taɓa shi: mai kwasar farko ta sayi buhu biyar, mai kwasar ƙarshe da kuɗi iri ɗaya ta sayi uku.

Abin da muka yi a namu gidan ba wani sirri ba ne, kuma ban ce ya warware komai ba. Mun raba tukunya a takarda. Kullum safiya ana auna na gida da na sadaka, a rubuta da kuɗinsa. Umma tana da kuɗin sallamarta na kullum kamar kowace ma'aikaciya, daga nan take biki da suna, jaka kuma ba a taɓa ta. Ranar farko da na kawo maganar ta ɓata rai sosai. "Yanzu ni za ka yanka wa albashi a tukunyata?" Na ce, "Umma, ki yi haƙuri, wata ɗaya kawai mu gwada." Mun rage kalar abinci daga bakwai zuwa huɗu, muka riƙe waɗanda ba sa kwantai. Bashi mun sa masa iyaka. Ƙarshen kowane wata kuma ba na tambayar nawa ne a hannu, ɗakin ajiya nake shiga in ƙirga buhu da jarka. Sayen hatsi da kaka a ajiye yana taimakawa in akwai hali, ko da yake shi ma ba tabbas: a 2025 farashin hatsi ya sauko, waɗanda suka tara da tsada suka ji a jikinsu.

Abin da ya rage mana yanzu ya fi kuɗi wuya. Bara Umma ta kwanta mako uku, ciwon gwiwa da idon da hayaƙi ya ci shekara da shekaru. Komai yana nan, shinkafar ita ce, mahaucin shi ne, amma ciniki ya zube. Mutane suna ci suna cewa, "Allah Ya ba Hajiya lafiya, miyar ba ta hannunta ba ce." Sunan rumfar gaba ɗaya a tafin hannun mace ɗaya yake, kuma cikin 'ya'yanta babu wanda ya ce zai gaje ta, duk mun ga abin da murhu ya yi mata. Da ta warke na zo da cokali da littafi na ce ta riƙa aunawa ina rubutawa, ko don matan da ke taya ta. Ta ce ita ba ta taɓa auna daddawa ba, hannu ne ya sani. Haka muka zauna, ta ɗebo da hannu, in karɓa in zuba a cokali in ƙirga, ta ɗanɗana ta ce a ƙara kaɗan, in goge in sake rubutawa. Zuwa yanzu mun gama miyar kuka da ta taushe. Ta kuɓewa sau uku muna yi tana cewa bai yi ba.